Ƙyallen da Ban Roƙa Ba

Litinin, 3 ga Agusta

Saura kwana ashirin da bakwai Yaya ta tafi makarantar koyon aikin jinya. An ce wuni guda ake yi a mota kafin a kai, kuma garin akwai sanyi. Yaya kuwa ko fanka aka kunna sai ta nemi safa.

Zan yi mata bargo. Irin wanda Gwaggo take haɗawa da guntayen ƙyalle. Tun da aka ba mu hutu nake zuwa shagonta, ina kallo, ina sa mata zare a allura saboda idonta. Gwaggo yayar Baba ce, kuma ba ta yin bargo biyu iri ɗaya. Ta yi wa wani tsohon direba mai hoton titi da motoci. Ta yi wa wata malama da tsofaffin rigunan ɗalibanta, matar ta zo karɓa ta zauna a benci tana kuka. Nawa zai zama na mutanen da Yaya za ta bari. Yanki ashirin da biyar, biyar a tsaye biyar a kwance, kowane yanki daga tufar wani.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Ko Mama.

Laraba, 5 ga Agusta

Gwaggo ta yanka mini kwali mai kusurwa huɗu, da shi zan riƙa auna kowane yanki. Sannan ta gaya mini dokarta. Wai ƙyallen da ba a roƙa ba, ba ya shiga bargon kyauta. Sai mai shi ya ba ka da hannunsa. Na ce me ya sa? Ta ce, "Mutum zai kwana a cikinsa. Kina so ya kwana da kayan sata?"

Matsalar ita ce roƙon. Ni da ko gishiri aka aike ni aro sai na tsaya a bakin ƙofa har mai gidan ta fito da kanta. Ba banza Yaya take ce mini Kunkuru ba.

Na rubuta a takarda na miƙa wa Maman 'Yan Biyu ta ƙasan benenmu. Ta karanta, ta dube ni, ta ce, "Bakin naki an kai gyara ne?" Amma ta ba ni tsohon ɗankwali, ta kuma yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Gwaggo ta ce takarda ba baki ba ce, amma za ta kawar da kai.

Asabar, 8 ga Agusta

Yau Mama ba ta je gidan burodin da take aiki ba, ta buɗe akwatin ƙarfe tana shanya kaya. Duk ɗakin warin kafur. Rigar Baba tana can ƙasa, shuɗiyar nan mai siraran layuka farare, wadda yake zuwa gyaran wuta da ita. Bayan rasuwarsa an rabar da kayansa duka, ita kaɗai Mama ta hana. Shekara uku ke nan.

Yaya ta ce, "Mama, ki ba ni in tafi da ita mana. Ba sawa zan yi ba."

Mama ta ce a'a. Yaya ta ce ita ma ai ubanta ne. Mama ta ce ta sani, ita ta haife ta. Ta ninke rigar ta mayar, ta kulle, ta jefa makullin a gwangwanin maɓallai inda kowa ya sani. Yaya ta shiga banɗaki ta daɗe.

Ina zaune a gefen gado ina tunanin yankin tsakiya. Ban sa wa kowa shi ba tukuna.

Talata, 11 ga Agusta

Ashirin da huɗu sun cika. Tsohon gyalen ƙawar Yaya, Doguwa. Rigar firamarena da ta yi mini kaɗan. Labulen ɗakinmu na da. Na Mama na samu cikin sauƙi, tsohuwar rigar aikinta ce da take shirin mayarwa tsumma, na ce kina so? ta ce ɗauka. Wannan ai roƙo ne, ko?

Tsakiya ce ta rage.

Alhamis, 13 ga Agusta

Na je zan tambayi Mama. Na shirya maganar tun a hanya, har na maimaita a matakala. Tana wanke-wanke, ta juyo ta ce, "Auta, mene ne?" Na ce sabulu ya kusa ƙarewa. Ta ce ta gani.

Takarda ma na kasa. Idan ta hana Yaya mai baki, ni wa?

Juma'a, 14 ga Agusta

Na yanka.

Asabar, 15 ga Agusta

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba. Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan samu sauƙi.

Mama tana wajen aiki, Yaya ta tafi ɗaukar hoton da makaranta ta nema. Almakashin gida ba ya ci, sai na ɗauko sabon na Yaya daga cikin kayan makarantarta. Niyyata in yanka kaɗan daga ƙasan baya, wurin da Baba yake cusawa a wando, wurin da ba a gani idan an ninke. Na ɗora kwalin, na zana da alli. Ina cikin yanka aka buga ƙofar maƙwabta, na zabura, almakashin ya karkace ya yi sama. Dole na ƙara faɗin don yankin ya fita daidai. Da na ɗaga rigar, ramin ya fi tafin hannuna biyu. Na ga taga ta cikinsa.

Na ninke yadda Mama take ninkewa, hannu ciki, wuya sama. Daga sama lafiya lau take.

Na ce wa kaina ai don Yaya na yi. Ai ita ma ubanta ne. Har yanzu ina faɗa.

Litinin, 17 ga Agusta

A gida na ɗinka shi da hannu a tsakiyar, don kada Gwaggo ta gan shi shi kaɗai. Na zaci a cikin ashirin da biyar zai ɓace. Wauta. Tana shimfiɗa bargon a tebur yatsanta ya tafi kansa kai tsaye.

Ashe ita ta ɗinka rigar. Ta ce ta yi masa aljihu biyu saboda kullum yana yar da abin gwada wuta, amma bai fasa yarwa ba. Ta yi dariya, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Sai ta ce, "Uwarki ta ba ki?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Lallai ta yi ƙoƙari. Ban zaci za ta iya ba." Ta shafa kaina. Da ma mari ta yi mini.

Laraba, 19 ga Agusta

Mun sa auduga a tsakani, mun sa shafi a baya, an bi layi-layi da keken ɗinki. Gwaggo ta bar ni na taka layi uku da kaina. Bakin ne kawai ya rage a kalmashe. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Duk wanda ya shigo shagon sai ya taɓa. Ni kuwa idona ba ya zuwa tsakiya.

Gyaɗa kai ƙarya ce? Ban buɗe baki ba fa.

Ƙarya ce.

Asabar, 22 ga Agusta

Mama ta gani.

Da hantsi ne. Ina shara a falo na ji ƙarar murfin akwatin. Sai Mama ta kira Yaya da wata murya da ban taɓa ji ba. Na leƙa. Tana tsaye riƙe da rigar, hannunta ya fito ta ramin.

Yaya ta ce ko ɓera ne. Mama ta ce, "Ɓeran gidan nan har alli yake da shi?" Ga sauran zanen allin a gefe. Ta zazzage jakar Yaya a kan gado tana neman guntun. Ba ta same shi ba, amma ta samu almakashin, da shuɗin zare maƙale a tsakaninsa. Ban goge ba. Ko tunanin gogewa ban yi ba.

Yaya tana rantsuwa, Mama tana cewa ta daina rantsuwa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da Mama ta ce, "Kin san me ya sa na buɗe akwatin nan yau? Don in ba ki ita. Sati biyu ina faɗa da zuciyata. Da kin jira."

Da na jira. Kwana takwas kawai.

Yaya ta ce a tambayi Kunkuru mana, ita ma a gidan take. Mama ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kada ki shafa wa yarinyar nan. Auta ko cokali ba ta ɗauka sai an ce ta ɗauka."

Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Wuri ya samu da zan yi magana, kamar an buɗe mini ƙofa. Na ci gaba da shara.

Lahadi, 23 ga Agusta

Ba su gaisa ba yau.

Litinin, 24 ga Agusta

Ni ce 'yar aike yanzu. "Ce wa yayarki abinci yana kan tebur." "Ce wa Mama na ƙoshi." Ɗaki biyu da falo ne gidan namu, kowa yana jin kowa, amma sai ta bakina. Ni da na jawo. Ban taɓa yin magana da yawa a gidan nan kamar yau ba, kuma duk ba wadda ya kamata ba ce.

Mama ta ƙona hannu a wurin aiki. Ba ta taɓa ƙonewa ba. Yaya ta ga wurin, na ga ta miƙe za ta ɗauko magani, sai ta koma ta zauna.

Saura kwana shida. Idan ta tafi a haka, sai hutun ƙarshen shekara.

Talata, 25 ga Agusta

Yaya ta zo shagon Gwaggo. Da ƙyar muka tura bargon ƙarƙashin tebur kafin ta shigo. Ta zauna a benci ta kwashe komai ta faɗa, tana kuka har da majina, ita da ba ta kuka a gaban mutane. Ta ce ba rigar ce ta dame ta ba, a ce uwarta ta ɗauke ta maƙaryaciya.

Gwaggo tana ji, tana kallona ta saman tabarau. Kallo ɗaya. Na yi ta tsintar fil a ƙasa, har wanda babu.

Ba ta tona ni ba. Ta lallashi Yaya, ta raka ta bakin titi. Da ta dawo ta jawo bargon, ta kakkaɓe, ta ninke, ta ɗora mini a cinya. Ta ce kekenta ba zai ƙara taɓa shi ba. Na fara kuka. Ta ce, "Ajiye hawayen, ba ni kika cuta ba. Ni ƙarya kawai kika yi mini, na sha ta a wajen masu kawo ɗinki."

Na ce don Allah ta gaya wa Mama, ni ba zan iya ba. Ta ce, "Da bakina kika yanka?"

Laraba, 26 ga Agusta

Na samu reza na farke yankin. Awa biyu, saboda layukan keke sun bi ta kansa. Yanzu tsakiyar bargon farar auduga ce a fili. Tunanina in mayar da guntun jikin rigar da ƙananan ɗinki, a wayi gari a gan shi, kowa ya huta.

Na gwada da suka fita. Bai cike ba. Ai na datse gefensa don ya yi daidai da kwali, ramin kuma karkatacce ne. Ko ya cike ma, Mama za ta ce Yaya ce ta dawo da shi don kunya.

Na ɓata riga, na ɓata bargo. Guntun yana cikin littafin nan, tsakanin shafin jiya da na yau.

Alhamis, 27 ga Agusta

Yaya ta ba ni jakarta ta makaranta, wadda na daɗe ina so. Ta ce in yi haƙuri da ta ambaci sunana ran Asabar, ɓacin rai ne. Ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki kalle ni da abin nan ba, Kunkuru."

Ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, 28 ga Agusta

Na faɗa. Bari in rubuta yadda aka yi.

Mama ta dawo da la'asar, ta zauna tana cire takalmi. Yaya tana guga a falo. Na san idan na tsaya shirya magana sabulu zan sake cewa, shi ya sa na ɗauko bargon na shimfiɗa a ƙasa tsakaninsu, na ɗora guntun shuɗin a kan farar audugar. Na ce, "Ni ce."

Muryar ba ta fita ba. Mama ta ce me? Na sake faɗa. Na ce ni na yanka, da almakashin Yaya, ranar da ta je hoto. Na ce bargo nake yi mata. Daga nan ban san me na ƙara ba.

Yaya ta ce, "Ke? Ke?" Har rigar da take gogewa ta fara ƙauri.

Mama ta daɗe tana kallon bargon. Ta gane rigar aikinta, na ga ta taɓa ta da yatsan ƙafa. Ta tashi ta je wajen Yaya, ta cire dutsen gugar daga wuta, ta ce, "Ki yafe mini." Ban taɓa jin Mama ta ce wa ɗayarmu haka ba. Yaya ta faɗa jikinta.

Sannan ta juyo. Na zaci duka ne, har na fi son dukan. Ta ce, "Riga tsumma ce, wata rana asu zai cinye. Amma kwana shida kina kai mana saƙo, kina kallo ina zargin 'yar'uwarki. Wannan ne ban san inda zan ajiye ba."

Yaya ta ce ba ta son bargon. Ta ce in mayar mata da jakarta. Na mayar.

Asabar, 29 ga Agusta

Tun safe ba wanda ya kula ni. Su biyu suna ta haɗa kaya, suna hira, Yaya ta sa wa Mama magani a ƙunar. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri. Na wanke banɗaki ba a sa ni ba.

Gwaggo ta zo da rana yi wa Yaya sallama. Sun shiga ɗaki da Mama. Da suka fito Mama tana riƙe da guntun. Ta zauna ta ce in zo.

Ta ce, "An ce akwai doka. To, ga ni. Roƙe ni."

Na ce bari in ɗauko takarda. Gwaggo ta ce in na taɓa biro sai ta karya shi. Yaya tana bakin ƙofa ta harɗe hannu. Na tsaya kamar an dasa ni. Ba wanda ya taimake ni. Daga ƙarshe na ce, "Mama, don Allah ki ba ni guntun rigar Baba in sa wa Yaya a bargo."

Ta ce, "Da kin faɗi haka ran nan, da wataƙila na hana ki. Da kin ji haushi kwana biyu, shi ke nan." Ta kama hannuna ta sa mini shi a tafi.

Ba lokacin zuwa shago, da hannu muka yi. Ni na mayar da tsakiya, Gwaggo da Mama suka kama baki suna kalmasawa, kowa da gefenta. Ɗinkin Mama manya-manya ne, Gwaggo ta ce kamar haƙoran jaki. Mama ta ce ita burodi ta iya. Yaya ba ta taɓa allura ba, amma ita ta riƙa sa musu zare.

Gwaggo ta ce a kawo rigar ta yi mata faci yadda ba za a gane ba. Mama ta ce a bar ta haka.

Lahadi, 30 ga Agusta

Ta tafi. Bargon bai shiga akwati ba, a hannu ta riƙe. A tasha na ce, "Yaya, kin haƙura?" Ta ce, "Ban gama fushi ba. Sanyi kawai nake tsoro." Ta ja mini kunne da zafi, ta shiga mota.

Da muka dawo na tarar da jakar a kan gadona.

Asabar, 12 ga Satumba

Yaya ta kira. Wai 'yan ɗakinsu suna ta tambayar wa ya yi, tana nuna musu kowa da yankinsa. Ta ce tsakiyar har yanzu tana warin kafur. Ta yi magana da Mama minti ashirin, da ni minti biyu. Ba laifi.

Mama ta daina sa makullin a gwangwani. Ban san inda yake ba yanzu, ban kuma nema ba. Idan ta shanya kaya ina ganin ramin. Ba ya raguwa.

Ina so in yi wa Mama ƙaramar matashiya, ta jingina idan ta dawo aiki. Na yi tunanin maɓalli ɗaya na rigar zai yi kyau a tsakiya. Tana yankan albasa na je na tsaya. Ta ce, "Auta, sabulu ne?" Na ce a'a, maɓalli ɗaya nake so daga rigar Baba.

Ta ce a'a.

Na tsaya ina jira in ji abin da zai same ni. Ba abin da ya same ni. Ta miƙo mini wuƙa ta ce in ƙarasa albasar, in sake tambayarta baɗi.

Ba wai na daina jin kunya ba ne. Gobe dai zan sauka wajen Maman 'Yan Biyu, na ga tana da wani koren ƙyalle. Takardata ta ƙare, kuma ba na jin zan yago wata.